Yadda Ake Duba Motsin da Jariri Ke Yi Ba da Nufinsa Ba

Jariri sabon haihuwa ba shi da bakin da zai faɗi inda ke yi masa ciwo, amma Allah ya halicce shi da wasu motsi da jikinsa ke yi da kansa duk lokacin da aka taɓa shi ta wata hanya ko aka razana shi. Idan an shafi gefen bakinsa zai juyo da kai yana neman nono, idan an sa masa yatsa a tafin hannu zai damƙe, idan kuma aka buga ƙofa da ƙarfi zai zabura ya watsa hannuwa. Babu wanda ya koya masa ko ɗaya daga cikinsu, kuma ba ya iya hana kansa yin su, domin umarninsu yana fitowa ne daga tushen ƙwaƙwalwa da lakar gadon baya, sassan da suke fara aiki tun yana cikin mahaifa. A hankali, yayin da saman ƙwaƙwalwa ke ƙara ƙwari a watannin farko, sai ya danne waɗannan motsi, yaro ya fara miƙa hannu ya ɗauki abu saboda yana so. Wannan ne dalilin da ya sa likitocin yara suke ba su muhimmanci. Abu uku suke lura da shi: ko motsin yana nan a lokacin da ya kamata, ko ɓangaren dama da na hagu suna yinsa daidai da juna, da kuma ko ya gushe da lokacinsa ya yi. Uwa da uba da kaka duk za su iya lura da waɗannan ukun a gida ba tare da wata na'ura ba, kuma sau da yawa su ne ke fara ganin matsala, tunda su ne ke tare da jaririn dare da rana.

Dubawar farko ana yin ta ne a ɗakin haihuwa. A minti na farko da minti na biyar bayan haihuwa ma'aikaciyar jinya tana auna numfashin jariri da bugun zuciyarsa da launin fatarsa da ƙarfin gaɓoɓinsa da yadda yake amsawa idan an taɓa shi, bisa ma'aunin da wata likita 'yar Amurka mai suna Virginia Apgar ta tsara a 1952. Mata da yawa a ƙasar Hausa a gida suke haihuwa, saboda haka babu wanda ya yi wa jaririnsu wannan awon, kuma su ne suka fi bukatar sanin abin da zan bayyana.

Kafin a fara, a zaɓi lokacin da jariri yake farke, hankalinsa a kwance, ba ya kukan yunwa kuma bai gama shan nono yanzu-yanzu ba, domin jaririn da ya ƙoshi ko barci ya ɗauke shi ba lallai ne ya amsa ba, sai uwa ta tayar da hankalinta a banza. A wanke hannu da sabulu, a tabbatar farce a yanke yake, a rufe taga idan lokacin hunturu ne, a kwantar da shi rigingine a kan shimfiɗa mai ɗan tauri wadda ba zai gangaro daga kanta ba. Ba a bukatar a yi komai da komai a zama ɗaya. Yawancin waɗannan motsi ma za su bayyana da kansu wajen wanka da shafa mai da canza tsumma, ido kawai za a sa.

Neman nono da tsotso su ne suka fi kowane muhimmanci, kuma a kansu zan fi daɗewa. A shafi gefen bakin jariri ko kuncinsa a hankali da bayan yatsa. Lafiyayyen jariri zai juyo da kansa wajen da aka taɓa, ya buɗe baki, wani lokaci har ya zaro harshe. A gwada ɗaya gefen ma. Idan kan nono ko tsaftataccen yatsa ya taɓa dasashinsa na sama da rufin bakinsa, zai kama ya fara tsotsa da ƙarfin da mai yatsan zai ji sosai. Wannan yana da amfani kai tsaye wajen shayarwa. Kuskuren da sabuwar uwa ta fi yi shi ne ta riƙe kumatun jariri biyu da hannu tana ƙoƙarin juyo da shi wajen nono, shi kuwa yana jin taɓi ta gefe biyu sai ya rikice, ya juya wajen hannun, ita kuma ta ce ya ƙi nono. Abin da za ta yi shi ne ta tallafe wuyansa da kafaɗunsa, cikinsa ya fuskanci cikinta, ta goga kan nono a leɓensa na sama, ta jira har ya wangale baki, sannan ta matso da shi gaba ɗaya. Idan ya kama da kyau za ta ga haɓarsa ta taɓa nonon, leɓensa na ƙasa ya juyo waje, baƙin da ke kewaye da kan nono ya fi fitowa ta saman bakinsa fiye da ta ƙasa, kuma za ta ji ƙarar haɗiya bayan 'yan tsotso masu zurfi. Shayarwar da aka yi haka ba ta fasa kan nono. Juya kai da tsotsar hannu da motsa leɓe su ne alamun farko na yunwa, kuka yana zuwa ne daga baya, kuma jaririn da aka bari har ya fusata yana da wuyar kama nono. A makonnin farko yana bukatar sha sau 8 zuwa 12 a kwana ɗaya, har da cikin dare.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a sa jariri a nono cikin sa'ar farko da haihuwa, domin a wannan lokacin yake a farke sosai kuma neman nononsa yake da ƙarfi. Dakashi, wato nonon farko mai kauri da launin rawaya, shi ne abincin da ya dace da cikinsa kuma yana ɗauke da kariya daga cututtuka, don haka zubar da shi asara ce babba. Ɗura wa jariri ruwa ko jiƙo ko madarar dabba kafin nono ya kawo yana cika masa ciki ya rage masa tsotso, nonon uwa kuma da tsotso yake ƙaruwa. Zuma kuwa ba a ba wa yaron da bai cika shekara ɗaya ba, saboda tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke kashe ƙarfin jijiyoyi, kuma raunin tsotso yana cikin alamunta na farko.

Bakwaini yana da nasa hukuncin. Tsotso yana fara ƙarfi ne wajen mako na 32 na ciki, kuma iya haɗa tsotso da haɗiya da numfashi a lokaci guda ba ya daidaita sai wajen mako na 34 zuwa 36. Jaririn da aka haifa kafin nan yana iya kama nono ya saki, ko ya gaji bayan tsotso kaɗan, ko ya ƙware. A nan ba a jira. Ma'aikatan lafiya za su nuna wa uwa yadda za ta tatsi nononta ta ba shi da ƙaramin kofi ko cokali, ko a sa masa siririn bututu ta hanci idan ya yi ƙanƙanta sosai, sannan a ɗora shi a ƙirjinta fata da fata a ɗaure da zane domin ɗumi.

Abin da nake so kowace mai jego ta riƙe da kyau shi ne cewa jaririn da yake tsotsa lafiya sannan ya daina ba ƙiwuya yake yi ba. Cutar da ta shiga jini, ciwon shawara mai tsanani (wato rawayar ido da fata), ƙarancin sukari a jini da sanyin jiki duk suna iya bayyana da raunin tsotso tun da wuri. Haka ma cutar sarƙe haƙora ta jarirai, wadda ke shiga ta cibiyar da aka yanka da reza marar tsafta ko aka shafa mata toka ko wani haɗi: jariri zai sha nono ya yi kuka yadda ya kamata a kwana biyun farko, sai tsakanin kwana na 3 da na 28 bakinsa ya ƙi buɗuwa, jikinsa ya sandare. Cire beli da wanzami ke yi a wasu gidaje a kwanakin farko shi ma yana barin rauni a maƙogwaro da ke hana jariri tsotso da haɗiya, ga zubar jini da shigar cuta. Ina ganin wannan al'ada ce da ya kamata a bari gaba ɗaya, domin belin halitta ce da kowane mutum yake da ita, kuma ba shi ne ke jawo amai ko ƙin nono ba.

Damƙar hannu tana da sauƙin dubawa. A sa yatsa a tafin hannun jariri daga gefen ƙaramin yatsansa, a ɗan danna. Zai naɗe yatsunsa ya riƙe gam. A gwada hannu biyu a lokaci guda domin a ji ko ƙarfinsu ɗaya ne. Riƙon yana da ƙarfin da zai sa mutum ya yi tunanin zai iya ɗaga shi da shi, amma kada a yi, domin yana iya saki a kowane lokaci kuma wuyansa bai iya ɗaukar kansa ba tukuna. Idan ya damƙe gashin yayarsa ko sarƙar uwarsa, shafa bayan hannunsa yana sa yatsun su buɗe, ba sai an ɓamɓare su ba. A ƙafa ma haka ne: idan an danna ƙasan yatsun ƙafa za su lanƙwashe ciki. Idan kuma aka ja yatsa a gefen tafin ƙafa daga dunduniya zuwa sama, babban yatsa zai ɗaga, sauran su baje. Likitan jijiyoyi Joseph Babinski ne ya bayyana wannan a Faransa a 1896. Ga babban mutum alamar ciwo ce a ƙwaƙwalwa ko laka, amma ga jariri lafiya ce, kuma yana iya kaiwa shekara ɗaya zuwa biyu kafin ya gushe.

Zabura ita ce ta fi tayar wa iyaye hankali. Idan jariri ya ji ƙara kwatsam, ko ya ji kansa ya yi baya ba zato, zai watsa hannuwansa biyu gefe, yatsu su buɗe, bayansa ya ɗan miƙe, sannan ya dawo da hannuwan kan ƙirji, sau da yawa kuka ya biyo baya. Ana kiran wannan motsi da sunan Ernst Moro, likitan yara ɗan Austiriya da ya yi aiki a Jamus ya kuma bayyana shi a 1918. A wasu gidaje idan an ga jariri yana yawan zabura a barci sai a ce an tsorata shi ne ko ya ga wani abu, a kama neman hayaƙi da jiƙe-jiƙe. Addu'a ga jariri alheri ce a kowane hali, amma zaburar kanta alamar lafiya ce, hayaƙin kuma yana cutar da huhunsa.

A asibiti likita yana tallafe kan jariri a tafin hannunsa ya bar shi ya ɗan yi ƙasa kaɗan ya sake tare shi. Ban ba da shawarar a yi wannan a gida ba, kuma haramun ne a wajen masana a girgiza jariri ko a cilla shi sama domin a ga amsarsa, saboda girgiza tana iya fasa jijiyoyin jini a ƙwaƙwalwarsa. Ba a ma bukatar gwaji, domin zaburar za ta zo da kanta idan an kwantar da shi da ɗan sauri ko murfin tukunya ya faɗi a tsakar gida. Abin da za a kalla shi ne hannuwa biyun. Idan ɗaya ya tashi ɗaya kuma ya tsaya a kwance a gefen jiki, a miƙe, tafin yana kallon baya, to akwai yiwuwar jijiyoyin da suka fito daga wuya zuwa hannu sun ji rauni wajen haihuwa, ko kuma ƙashin da ya haɗa kafaɗa da ƙirji ya karye. An fi ganin haka ga babban jariri da kafaɗarsa ta maƙale, ko bayan doguwar naƙuda da aka ja shi da ƙarfi. Ƙashin jariri yana haɗewa da sauri cikin 'yan makonni, kuma yawancin raunin jijiya yana warkewa idan aka fara motsa hannun bisa koyarwar masu gashin ƙashi na asibiti da wuri. Kada a kai shi wajen mai ɗori a ja hannun ko a ɗaure shi da kara. Idan kuwa zaburar babu ita gaba ɗaya a ɓangarori biyun, jikin jariri ya saki, musamman idan bai yi kuka da wuri ba bayan haihuwa ko idanunsa da fatarsa sun yi rawaya, wannan magana ce ta gaggawa a ranar. Shawarar da ta yi yawa tana taɓa ƙwaƙwalwa, kuma shanya jariri a hantsi ba ya maganin mai tsanani. A asibiti akwai fitila ta musamman da ake sa shi a ƙarƙashinta. A kuma nisanta kafur daga kayan jariri, domin ga yaran da suka gaji wani rauni a jajayen ƙwayoyin jini yana fasa jinin ya tsananta shawara.

Idan zabura tana yawan tada jariri daga barci, a riƙa sauke shi a hankali, jikinsa a manne da na mai ɗauke da shi har bayansa ya taɓa shimfiɗa, sannan a zare hannu. Naɗe shi da zane marar kauri yana taimakawa, da sharaɗin a kwantar da shi rigingine, zanen bai rufe fuska ba, ƙirji bai matse ba, kuma an bar wa cinyoyi sarari su buɗe su lanƙwashe. Da zarar ya fara yunƙurin juyawa a daina naɗewar. A lokacin bazara kuwa zafi ya fi zabura haɗari, saboda haka a sassauta.

Akwai wasu guda biyu da ba sa bukatar dogon bayani. Idan jariri yana kwance rigingine ya juya kansa gefe ɗaya, hannun da ke gefen fuskarsa zai miƙe, ɗayan ya lanƙwashe ta bayan kai, irin tsayuwar ɗan dambe da ya miƙa hannun kariya ya ja na duka baya. Ba kullum yake bayyana ba, kuma lafiyayyen jariri yana fita daga wannan yanayi da kansa, ba ya maƙalewa a cikinsa. Idan kuma aka riƙe shi ta hammata, ana tallafe kansa, tafin ƙafarsa ya taɓa shimfiɗa, zai ɗaga ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Wannan ba ya nuna zai yi tafiya da wuri, kuma yana gushewa wajen wata biyu.

Atishawa da hamma da shaƙuwa da ƙifta ido idan haske ya haska shi duk na lafiya ne. Atishawar jariri hanyar share hanci ce, ba lallai mura ba ce, shaƙuwa kuma tana wucewa da kanta ko da ɗan nono, ba ta bukatar ruwa.

Wurin da ake bukatar natsuwa shi ne bambance karkarwa da jijjiga. Jarirai da yawa haɓarsu ko hannunsu yana rawa idan suna kuka ko an tuɓe su, wasu kuma gaɓoɓinsu suna fizga a cikin barci kawai su daina da zarar sun farka. Hanyar ganewa ita ce a riƙe hannun ko ƙafar da ke rawa a hankali a ɗan lanƙwasa ta: idan ta tsaya, karkarwa ce. Idan ana jin fizgar tana ci gaba a cikin hannun mai riƙewa, to jijjiga ce. Jijjigar jariri ba ta cika zuwa da ƙarfi irin ta manya ba. Tana iya zama ƙafewar ido ko juyawarsa gefe, taune-taune da baki ba tare da nono ba, juya ƙafafu a jere ba tsayawa, ko ɗaukewar numfashi har leɓe ya canza launi. Idan an ga haka a kwantar da shi a gefe, kada a sa masa cokali ko yatsa a baki, kada a ɗura masa manja ko wani abu, a nufi asibiti. Karkarwar da ta yi yawa ita ma a nuna wa ma'aikacin lafiya, musamman ga jaririn da uwarsa ke da ciwon sukari ko wanda aka haifa ƙarami, domin tana iya zama alamar sukarin jininsa ya sauka.

Gushewar waɗannan motsi tana da muhimmanci daidai da samuwarsu, kuma nan ne iyaye suka fi sakaci, domin bayan bikin suna da arba'in ido yana raguwa a kan yaro. Neman nono da taɓin kunci yana raguwa wajen wata 4. Zabura tana gushewa tsakanin wata 4 da 6, damƙar hannu wajen wata 5 zuwa 6, miƙe hannu idan an juya kai wajen wata 6 zuwa 7, damƙar yatsun ƙafa kuma wajen wata 9 zuwa 12. Waɗannan ƙiyasi ne, kuma ga bakwaini ana cire makonnin da ya rage bai cika ba kafin a yi lissafi, ta yadda wanda aka haifa saura wata biyu, idan ya kai wata 6 za a auna shi da ɗan wata 4. Dalilin gushewar a fili yake: yaron da hannunsa ke damƙe kullum ba zai iya sakin abu ya ɗauki wani ba, wanda hannunsa ke miƙewa duk lokacin da ya juya kai kuma ba zai iya kai abinci baki ko ya juya ya kifa ba. Idan yaro ya wuce wata 6 hannunsa na dunƙule koyaushe da babban yatsa a ciki, ko yana zabura da ƙarfi har yanzu, ko ƙafafunsa suna sandarewa su harɗe idan an ɗaga shi, ko wuyansa bai tsaya ba, ko ya fifita hannu ɗaya ƙarara tun bai shekara ba, a kai shi wajen likitan yara. Wannan yana iya zama alamar raunin ƙwaƙwalwa da ya samu wajen haihuwa ko bayan shawara, kuma atisayen da aka fara da wuri yana canza rayuwar irin wannan yaro sosai. Ɓoye shi a ɗaki saboda maganar mutane yana cinye lokacin da ya fi amfani.

Akwai kuma turo harshe: idan an sa wa ƙaramin jariri cokali ko wani abu mai kauri a baki, harshensa zai turo shi waje. Kariya ce daga ƙwarewa, kuma tana raguwa tsakanin wata 4 da 6. Uwar da ta fara ba ɗan wata uku koko tana ganin yana turowa, sai ta kwantar da shi ta toshe masa hanci ta yi masa ɗura, tana jefa shi cikin haɗarin abinci ya shiga huhu. Nono zalla ya ishe shi har wata 6, sannan a fara kunu mai ɗan kauri da cokali yana zaune a cinya, nono kuma ya ci gaba.

Ko da komai yana tafiya daidai, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar ma'aikacin lafiya ya duba uwa da jariri cikin sa'a 24 na farko, sannan a kwana na 3, sannan tsakanin kwana na 7 da na 14, sannan a mako na 6, wanda ya yi daidai da ranar rigakafi. Zaman jego ba ya hana wannan. Idan al'adar gida ba ta bar mai jego ta fita ba, uba ko kaka su nemi ma'aikaciyar lafiya ta zo, ko su raka ta. Ba a jiran ranar awo idan jariri ya ƙi nono, ko ya yi jijjiga, ko ba ya motsi sai an taɓa shi, ko numfashinsa ya kai 60 a minti ɗaya, ko ƙirjinsa yana lotsawa ciki, ko jikinsa ya yi zafi ko sanyi ƙalau, ko ya yi rawaya a ranar farko, ko rawayar ta sauka tafin hannu da tafin ƙafa. Idan wani motsi ne ya ba da shakka, a ɗauke shi a bidiyo da waya, domin sau da yawa jariri ba ya maimaita shi a gaban likita. A tafi da katin awon ciki, a faɗi tsawon naƙuda, da ko ya yi kuka nan take, da duk abin da aka ba shi ta baki ko aka shafa a cibiya, ba tare da ɓoye komai ba. A kan hanya a manna shi a ƙirjin uwa a lulluɓe su tare, kuma idan yana iya tsotsa a ci gaba da ba shi nono har a isa.